Babi na Tara a Littafin Hajiya Saudatu

Ranar Talata da hantsi Hajiya Saudatu ta aiko direba ya ɗauki Salma daga wurin aiki, ba ta ma tambaya ko yarinyar tana da sukuni ba. Haka take yi tun Salma tana 'yar shekara tara. Ba ta ga dalilin canzawa ba don kawai yau Salma ta kai ashirin da takwas, tana fassara labarai a wani gidan rediyo a nan Bauchi.

Falon gidan na GRA yana nan yadda Salma ta bar shi, sai dai kwalaye da aka jera a jikin bango har sun kusa taɓa hoton marigayi Alhaji. Hajiya tana kan kujerar da ba mai zama sai ita, tabarau a karan hanci. Shekara talatin ta yi tana shugabantar makarantun 'yan mata kafin ta yi ritaya, kuma har yau idan ta dubi mutum sai ya ji kamar ya makara zuwa aji.

"Mami, ina kwana."

"Lafiya lau. Miƙe bayanki, kin wani ranƙwafa kamar mai awo. Buɗe kwalin can ki ɗauko ɗaya."

Littafi ne mai kauri, da Turanci, da hoton Hajiya a bangonsa. Tarihin rayuwarta ne, wanda ta shekara uku tana cewa tana rubutawa.

"Ranar Asabar za a ƙaddamar da shi," in ji Hajiya. "Babi na tara naki ne, kaf ɗinsa a kanki na yi shi. Ke za ki hau ki karanta shafin farko. Idan kin gama sai ki juya wa mata da Hausa, don rabin zauren 'yan uwa ne da ƙawayena, ba sa jin Turanci. Kin dai san yadda ake yi a taro, a taƙaice, da daɗin baki. Na kuma yi magana da shugabanku, za a riƙa karanta littafin a rediyo duk Lahadi, ke za ki fassara."

"To, Mami. Allah ya sanya alheri."

"Amin. Ki ce wa Zinariya ta zo. Na sa an ajiye mata kujera."

Zinariya ita ce mahaifiyar Salma, wadda take kira Inna.

A bayan mota Salma ta buɗe babi na tara. Fassara sana'arta ce, don haka idonta na kan Turancin, Hausar na zuwa mata da kanta, layi bayan layi.

"Na fara ganinta a Kasuwar Muda Lawal, a layin hatsi, ƙafarta ba takalmi. Mahaifiyarta, wata mai awo da ake kira Zinariya, ta miƙo mini ita ko waiwaye ba ta yi ba. A shekara tara da yarinyar ta yi a gidana, matar nan ba ta taɓa tako falona don ta ga 'yarta ba. Ban taɓa jin ta kira sunan yarinyar ba, ko sau ɗaya. Akwai matan da haihuwa kawai suka iya. Sai na zame mata uwar da ba ta samu ba."

Salma ta karanta sau uku. A na ukun ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi.

"Malam, kada ka mayar da ni ofis," ta ce wa direban. "Sauke ni a Muda Lawal."

Ba satar ta aka yi ba, ba kuma tsintar ta aka yi ba. Riƙo ne, irin wanda kowa ya sani. Hajiya 'yar uwar mahaifinta Malam Ashiru ce ta nesa, 'ya'yanta huɗu duk maza, ta zo har gida ta ce tana son a ba ta 'yar mace. Malam ya ba ta. A garin nan, uwar da aka ba da ɗanta riƙo ba ta bin sawunsa tana leƙe, don hakan kamar cewa ne ba ta yarda da mai riƙon ba. Ballantana Salma 'yar fari ce, wadda uwa ke jin nauyin ko ta kira sunanta, ko ta nuna tana son ta a gaban mutane. Har yau "'yar Hajiya" Inna take ce mata. Yaro ɗan shekara biyar ma ya san wannan kunya ce, ba ƙiyayya ba.

Shekara tara Salma ta yi a gidan. Ta kwana a ɗakin ajiya na kusa da kicin, tsakanin buhun shinkafa da tsohon firji. Ta wanke kayan samari huɗu har fatar yatsunta ta saba da tsagewa. Sai kowa ya tashi daga tebur take cin abinci. Ta sha mari ranar da ta manta ta yi Hausa a gaban baƙi. Ba ta taɓa kai ƙara ba, ba ta taɓa yin kuka inda za a gan ta ba, kuma da wannan take alfahari fiye da takardar digirinta.

Duk wannan babu shi a babi na tara, kuma Salma ba ta damu ba. Wanda ya zauna rubuta tarihinsa ai ba zai rubuta marin da ya yi ba. Kuma gaskiya ce Hajiya ta koyar da ita. Kullum bayan la'asar sai ta tsayar da ita a tsakiyar falo ta miƙa mata jarida, ta ce karanta, ɗaga murya, kada ki haɗiye ƙarshen kalma. Jan biron Hajiya ya bi kowane layi da Salma ta taɓa rubutawa. Muryar da mutanen Bauchi suke ji a rediyo da rana, a falon nan aka gina ta. Da Hajiya ta tsaya a nan, da Salma ta hau ta karanta da zuciya ɗaya.

Amma kowace Juma'a ta shekara taran nan, Inna takan rufe rumfa da wuri ta tako tun daga kasuwa har GRA, da ƙullin gero da kuka da daddawa a ka. Ba ta wuce bakin ƙofa. Sai ta miƙa wa Baba Irmiya mai gadi, ta tambaye shi lafiyar mutanen gida, duka mutanen gida, ta juya. Salma takan laɓe a bayan tankin ruwa ta bi mayafinta da kallo har ya sha kwana. Geron kuwa samarin Hajiya ne suka sha kununsa, Hajiya da kanta take cewa a dama.

Ta tarar da Inna a rumfa tana auna wa wata mata dawa. A rumfar da ke jikin tata Madam Cecilia ce, mai manja da garin rogo, wadda ta zo Bauchi daga kudu tun kafin a haifi Salma, kuma har yau Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"A'a, 'yan rediyo!" in ji Madam Cecilia. "Salma, ka zo? Me ya sami fuskanka, wani ya zage ka?"

Salma ta gaishe su, ta jira mai sayen dawa ta tafi. Sannan ta tsuguna kusa da Inna, ta isar mata da saƙon Hajiya da maganar rediyo, ta buɗe littafin, ta fassara mata sakin layin da murya ƙasa-ƙasa. Ba ta kai ƙarshe ba Madam Cecilia ta fizge littafin, ta nesanta shi da idonta, ta karanta da kanta leɓɓanta na motsi.

"Kai! Wannan mata bai da tsoron Allah!"

"Cecilia, akwai mutane," in ji Inna.

"Su ji mana! Ranar da aka tafi da wannan yaro ina nan. Ka shiga bayan buhu ka zauna, ni na saida maka hatsi har yamma. Kwana uku ba ka ci abinci ba, ni na sani." Ta juyo ga Salma. "Ni ma da farko na ce, wane irin uwa ne wannan, ko sunan ɗansa ba ya kira? Har na yi masa faɗa. Amma ni baƙo ne, ban sani ba, sai da aka gaya mini. Hajiya baƙo ne? A London aka haife shi?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta ɗauki mudu ta shiga cika shi da gero, alhali ba mai saye a gabanta.

"An sa sunana?" ta tambaya.

"An sa, Inna. Da sunan kasuwa, har da layin hatsi."

"Kuma a rediyo za a faɗa."

"Duk Lahadi."

Geron ya cika mudun ya fara zuba a ƙasa. Inna, wadda ba ta barin ƙwaya ɗaya ta faɗi ba ta tsince ba, ba ta ma lura ba. Shekara talatin tana zaune a layin nan, kowace rumfa da rediyonta. Salma ta hango ranar Litinin ɗin da za ta biyo bayan Lahadin, yadda mata za su zo awo suna satar kallonta.

"To," in ji Inna daga ƙarshe. "Ita ta riƙe ki. Abin da ta ce ki yi, ki yi."

"Inna, cewa ta yi haihuwa kawai kika iya!"

"Na ji. Ba kurma ba ce ni."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Me kike so in ce? In je GRA in tsaya ina ihu ina son 'yata? A bakina kike son a ji wannan? Tashi ki koma aikinki, 'yar Hajiya, kin tare mini rumfa."

Salma ta miƙe. A wannan lokacin ba ta san wadda ta fi ba ta haushi ba, wadda ta rubuta ko wadda ta haɗiye. Abin da ta gane shi ne Hajiya ta san inda ta sara. Ta zaɓi abin da Inna ba za ta taɓa iya buɗe baki ta kare kanta a kai ba.

Ranar Alhamis ta koma GRA ba tare da an aiko mata ba. Ta tarar da Hajiya tana sa hannu a katunan gayyata. Ta gaishe ta a durƙushe kamar kullum, sannan ta miƙe tsaye.

"Mami, na zo roƙo ne. A cire shafin farko na babi na tara."

"An buga dubu. Zauna."

"Zan tsaya."

Hajiya ta cire tabarau. "To tsaya. Nuna mini ƙarya ɗaya a shafin nan. Ta taɓa shigowa falon nan?"

"Ba ta taɓa ba."

"Ta waiwaya ranar da na ɗauke ki?"

"A'a."

"Ta taɓa kiran sunanki?"

"Mami, ke kin taɓa kiran sunan Yaya Mahfuz?"

Mahfuz shi ne ɗan farin Hajiya. Yanzu injiniya ne mai furfura a gemu, amma ko a waya "Babangida" take ce masa.

"Wannan daban," in ji Hajiya.

"Ina bambancin? Don ke kina da digiri, taki kunya ce, ita tata rashin imani?"

"Ki iya bakinki."

"Geron Juma'a fa? Shekara tara. Ba ki gan shi ba, ko bai dace da babin ba?"

Hajiya ta ajiye biro a hankali. Fuskarta ba ta nuna kunya ba, ta nuna gajiyar malamar da ɗaliba ta kasa gane darasi mai sauƙi.

"Salma, ke ba ki san yadda ake rubuta littafi ba. Na fara rubuta babin nan a sauƙaƙe, Mista Adebayo mai gyaran littafin ya dawo mini da shi daga Legas. Ya ce babu nauyi. Ya ce mai karatu yana son ya ga daga inda na ɗauko ki, don ya san nisan da na kai ki. Idan na tsaya bayanin kunyar 'yar fari da riƙo, wa zai gane a Abuja da Legas? Littafin nan ba don 'yan layin hatsi aka yi shi ba. Zinariya ba ta karatu, ina za ta gani?"

"Kin manta kin ce a karanta a rediyo?"

"Ke za ki fassara. Ki sassauta. Ai shi ya sa na zaɓe ki." Ta mayar da tabarau. "In kuma kin fi ƙarfin ki karanta, ina da ɗalibai ɗari da za su yi rububin hawa. Gidan rediyon ma ba ke kaɗai ce mai fassara ba. Littafin zai fita da ke ko ba ke. Na ɗauke ki ba ki san bihim ba, yau kin zo kina tsaye a kaina kina yi mini tambayoyi kamar lauya. Wa ya koya miki tsayuwar ma?"

"Ke ce, Mami."

"To."

Salma ta dubi kwalayen. In ta ƙi, wata ce za ta hau ta karanta, manya su tafa, sannan a ce wa mata da Hausa, Hajiya ta ce ta riƙi marainiya ta ba ta ilimi, Allah ya saka mata. Su ce amin. Sunan Inna ya zauna a shafin har abada, kowa ya tafi gida da daɗin rai.

"Zan karanta," ta ce. "Zan kuma fassara."

"Yauwa. Ki sa shuɗin leshin nan, ya fi yi miki kyau."

Ranar Asabar zauren otal ɗin da aka kama don taron ya cika tun kafin sha ɗaya. A gaba manyan ma'aikata ne da tsofaffin ɗalibai, mata masu manyan gilasai da ƙananan jakunkuna. Daga tsakiya zuwa baya kuwa 'yan uwa ne daga cikin gari, tsofaffi da matan aure, ƙamshin turaren wuta na tashi daga mayafansu. Salma ta hango Inna a layi na biyun ƙarshe, cikin atamfarta ta sallah, Madam Cecilia na gefenta ta ɗaura ɗankwali kamar za ta coci.

An yi addu'a. An yi jawabai, kowane mai jawabi ya ce ba zai tsawaita ba, ya tsawaita. Wani farfesa ya ce littafin fitila ne ga 'yan baya. Sannan mai gabatarwa ya ce ga 'yar da Hajiya ta raina da hannunta, muryar da kowa ya sani.

Salma ta hau. Ba leshi ta sa ba, atamfa ce mai duhu. Ta miƙe bayanta, ta gyara makirufo, ta karanta Turancin tsaf, ba ta haɗiye ƙarshen kalma ko ɗaya ba. Layukan gaba suka tafa. Wata tsohuwar ɗaliba har da share hawaye. Hajiya ta gyaɗa kai daga babban tebur.

"Yanzu ga fassara ga iyayenmu mata," in ji Salma.

Kowa a zauren ya san yadda fassarar taro take. Mai jawabi ya yi minti goma, mai fassara ya yi rabin minti, ya zubar da tsakuwa ya miƙa wa mutane tsaba. Mata suka gyara zama suna shirin cewa amin.

Salma ta sa yatsa a layin farko, ta ɗauko muryar da take karanta labaran rana da ita.

"Hajiya ta rubuta cewa: Na fara ganinta a Kasuwar Muda Lawal, a layin hatsi, ƙafarta ba takalmi. Mahaifiyarta, wata mai awo da ake kira Zinariya, ta miƙo mini ita ko waiwaye ba ta yi ba."

Hirar ƙasa-ƙasa da ake yi a baya ta tsaya.

"A shekara tara da yarinyar ta yi a gidana, matar nan ba ta taɓa tako falona don ta ga 'yarta ba. Ban taɓa jin ta kira sunan yarinyar ba, ko sau ɗaya."

"Wace Zinariyar?"

Muryar ta fito ne daga layi na huɗu. Gwaggo Fatimatuzzahra ce, yayar Hajiya uwa ɗaya uba ɗaya kuma 'yar farin gidansu, tsohuwa mai nauyin kunne wadda ba ta san tana ɗaga murya ba.

"Zinariyar Malam Ashiru? To ai yarinyar 'yar fari ce! Da so ake ta kira sunanta? Kuma ɗan riƙo ake bi har falo?"

Wani guntun gunaguni ya ratsa zauren daga tsakiya zuwa baya. Mai gabatarwa ya matso da sauri yana murmushin dole, ya miƙo hannu. "Malama Salma, a taƙaice, a taƙaice, lokaci."

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe." Ba ta sakar masa makirufon ba. "Hajiya ta ci gaba da cewa: Akwai matan da haihuwa kawai suka iya. Sai na zame mata uwar da ba ta samu ba."

Salati ya tashi. Ba mutum ɗaya ba, ba goma ba. Mata nawa ne a zauren suka ba da ɗa riƙo suka danne zuciyarsu? Nawa ne ba su taɓa kiran sunan ɗan farinsu ba? Kowace ta ji kamar da ita ake.

"Saudatu!" in ji Gwaggo, tana dogara sanda tana ƙoƙarin miƙewa. "Ke kika rubuta wannan da hannunki? Innarmu ta taɓa kiran sunana? Ita ma haihuwa kawai ta iya?"

Shafin bai ƙare ba. Akwai sauran sakin layi ɗaya, inda Hajiya ta ba da labarin jarida da jan biro da tsayuwar bayan la'asar. Salma ta fassara shi shi ma, kalma bayan kalma, don shi ma yana cikin shafin, kuma gaskiya ne. A nan ne kaɗai muryarta ta yi rawa. Ba wanda ya saurara. Ta rufe littafin, ta ajiye shi a kan teburin, ta juya ta dubi Hajiya.

Hajiya na zaune a miƙe, hannayenta a kan cinya. Ba ta dubi yayarta ba, ba ta dubi jama'a ba. Salma take kallo, kuma a karon farko a rayuwar Salma, idanun nan ba gyara suke nema ba. Tsufa ne kawai a cikinsu, da mamaki. Salma ta ji wani abu ya soke ta a ƙirji, amma bai kai ya kashe wutar fushinta ba. Ta sauka.

Kujerar Inna ba kowa.

A kan matakalar waje Yaya Mahfuz ya tare ta, hularsa a hannu, goshinsa na zufa.

"Kin kyauta, Salma. Kin kyauta ƙwarai. Matar da ta mayar da ke mutum."

"Ina mutum aka kawo ni, Yaya."

"Ta ce kada ki sake taka mata gida. Maganar rediyo kuma an fasa."

"Littattafan fa?"

Ya yi tsaki. "Gwaggo ta zauna a kan kwali ta ce ba mai fita da ko ɗaya sai an yage shafin. Manyan baƙi na kallo. Abin da kike so ke nan?"

"Ranar Alhamis na roƙa a cire shi ba wanda ya gani."

Ya juya ya koma ciki.

Ta sami Inna a bakin titi ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, ta ja mayafi har goshi. Madam Cecilia na tsaye gefe tana fifita da takardar shirin taro, tana ganin Salma ta ɗaga hannu biyu sama.

"Ɗana! Yau ka biya ni!"

"Cecilia, don Allah," in ji Inna. Ta juyo. Salma ba ta taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba. "Kin tozarta matar da ta ciyar da ke shekara tara. A gaban 'yan uwanta, a ranar farin cikinta."

"Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, Inna."

"Na san ba ki ƙara ba. Ragewa aka ce ki yi."

"In rage, a bar ki a ciki?"

"Ni na ce ki rama mini? Yanzu duk garin nan za a ce Zinariya ta zuga 'yarta." Ta tsaya, don kalmar ƙarshen kuɓuce mata ta yi, ita da kullum "'yar Hajiya" take cewa. Ta gyara mayafi. "Gobe da safe za ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri."

"Ba zan je ba."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa ce wa Inna haka ba. Madam Cecilia ta daina fifita.

"Me kika ce?" in ji Inna.

"In ta yi ciwo zan je in yi jinyarta. In ta kira ni aiki zan yi mata. Duk inda aka tambaye ni wa ya koya mini karatu, sunanta zan faɗa. Amma haƙurin yau ba zan ba da ba, Inna, ko ke kika ce."

Kafin Inna ta sake magana, mata suka fara fitowa daga zauren, biyu-biyu, uku-uku. Ba wajen motoci suka nufa ba. Ta farko wata dattijuwa ce da Salma ba ta sani ba, ta zo ta kama hannun Inna da hannu biyu.

"Ke ce Zinariya? Sannu, baiwar Allah. Sannu da haƙuri. Nawa biyu na bayar riƙo."

"Ba komai," in ji Inna, idonta a ƙasa. "Ai ba komai, Hajiya ta yi ƙoƙari."

Ta biyu ta matso, ta uku na bayanta. Inna na amsawa da ƙyar, kunya kamar ta nutse, tana ta maimaita cewa Hajiya ta yi ƙoƙari, su kuma suna cewa sun sani, sun sani, sannu dai. Salma ta ja gefe ta tsaya ita kaɗai. Har yanzu zuciyarta na tafasa, kuma ta san gidan GRA ya rufe mata, wataƙila har abada. Ta duba cikinta ko za ta sami nadama, ba ta samu ba.

Ta tsakanin kafaɗun matan Inna ta ɗago ta harare ta.

"Ke, kin tsaya kallo? Samo mana keke napep mu bar wurin nan."

Salma ta taka zuwa bakin kwalta ta ɗaga hannu.